Yadda Ake Gyaran Rufin Dutse a Tsofaffin Gidajen Kewayen Boston

Wanda ya zagaya garuruwan da ke kewaye da birnin Boston na Amurka, irin su Newton da Brookline da Arlington, zai ga gidaje masu shekara ɗari da ɗoriya waɗanda rufinsu ba kwano ba ne, ba kuma fallayen kwalta na zamani ba. Siraran fallayen dutse ne da ake kira silet, an jera su suna hawa kan juna kamar ɓawon kifi. Na daɗe ina hawa irin wannan rufi, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani shi ne yawan kiran da nake samu daga 'yan'uwa da suka sayi tsohon gida. Maganar kusan ɗaya ce kullum: silin ya yi tabo, an kira ɗan kwangila, ya leƙa daga ƙasa ya ce rufin ya mutu, a kware shi a sa sabo.

Sau da yawa dutsen lafiyarsa lau. Abin da ya gaji shi ne ƙusoshin da ke riƙe da shi, ko fallayen ƙarfen da ke tare ruwa a mahaɗa, ko kuma ɗumin cikin gida ne ke tserewa sama yana narkar da dusar ƙanƙara. Silet ɗin da aka haƙo a iyakar jihohin Vermont da New York yakan kai shekara 125, na Buckingham a Virginia 175 ko fiye, na Peach Bottom a iyakar Pennsylvania da Maryland kuwa 200. Mai laushin da ake haƙowa a gabashin Pennsylvania ne kaɗai ke fara ruɓewa bayan shekara 60 da wani abu. Fallen kwaltar da za a sa maka a madadinsa da ƙyar yake wuce shekara 25 zuwa 30. To ka ga bai kamata a yi gaggawar rabuwa da dutse ba.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne ripa, wani dogon ƙarfe mai faɗi kamar takobi, tsawonsa kusan ƙafa 2, bakinsa da ƙugiyoyi biyu. Da shi ake zaro ƙusar da ke ɓoye a ƙarƙashin falle, kuma babu abin da ke maye gurbinsa sosai. Sai gudumar silet mai tsini a gefe ɗaya don huda, da almakashin yanka dutse. Idan ba ka da gudumar, injin huda na hannu da bakin huda bulo mai kaurin kashi 3 cikin 16 na inci zai yi. Idan ba ka da almakashin, injin gurza ƙarfe mai faifan lu'ulu'u yana yanka, amma gefen zai fito sumul, ya bambanta da sauran, kuma dole ka rufe hanci da baki saboda ƙurar.

Na hawa: tsani mai ƙarfi, tsani na biyu mai ƙugiyar da ke kama doron rufi, ɗamarar tsaro da igiyarta da maɗaurinta, takalmi mai tafin roba mai laushi, safar hannu. Na dubawa: madubin hangen nesa, tocila, alli, tef ɗin awo.

Kayan gyara kuwa: ƙusoshin jan ƙarfe ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, inci ɗaya da rabi ga falle mai kauri na yau da kullum, ƙugiyoyin rataya silet, fallen jan ƙarfe mai nauyin oza 16 a kowane murabba'in ƙafa, da fallayen dutse na canji. Kafin ka sayi dutse ka fara leƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa da bayan gareji, domin magina na da sukan bar ragowa. In babu, ɗauki fasasshen guda ɗaya ka je wurin masu sayar da tsohon silet da aka kwaro daga gidajen da aka rushe. Tsoho ya fi dacewa da tsoho a launi. Kore da shunayya yawanci na Vermont ne, ja daga yankin Granville na New York, baƙi wuluk kuma sau da yawa daga Monson a jihar Maine.

Abu ɗaya da ba na so in gani a jakarka shi ne gwangwanin baƙar kwalta. Zan dawo kansa.

1. Fara dubawa ƙafarka na ƙasa

Tsaya a tsallaken titi da madubin hangen nesa, ka bi rufin layi-layi. Kana neman fallen da ya ɓace, wanda ya tsage, wanda ya zamo ƙasa ya fita daga sahu, da wuraren da aka taɓa shafa kwalta. Zana hoton rufin a takarda ka sa alama. Duba gindin bango ma, gutsattsarin dutse a cikin ciyawa suna nuna maka gefen da ke zubarwa.

Daga nan ka hau cikin silin, wato sararin da ke tsakanin silin da rufi, da tocila. Ranar da ake ruwa ta fi. Kada ka ɗauka inda tabo ya fito a ɗaki nan ne ramin yake. Ruwa yakan shiga ta sama, ya bi jikin rafta ƙafa 5 ko 10, sannan ya ɗigo. Bi sawunsa zuwa inda katako ya fara duhu, ka auna nisan wurin daga bututun hayaƙi ko daga bangon gefe don ka gane shi idan ka fita waje. Soka tsinin sukundireba a katakon. In ya nutse kamar cikin burodi, wurin ya ruɓe, ƙusa ba za ta kama ba sai an canja shi. A canja da katako mai kaurin na asali, kusan inci ɗaya, ba filawud ba, domin dutsen zai fi filawud daɗewa nesa ba kusa ba.

2. Izini, da abubuwa uku masu cutarwa

Idan gidan yana cikin unguwar da ƙaramar hukuma ta ayyana ta tarihi, kamar yadda ake da su a Newton da Brookline, sauya kamannin rufin da ake gani daga titi yana buƙatar amincewar kwamitin kula da gine-ginen tarihi. Maye fasasshen falle da irinsa ba ya cika zama matsala, amma ka kira ofishin gari ka tambaya kafin ka sayi komai.

Gidan da aka gina kafin 1978 ka ɗauka fentin katakon bakin rufinsa akwai dalma a ciki, kada ka kankare shi a bushe. Na biyu, akwai fallayen siminti masu kama da silet ƙwarai da aka haɗa da asbesto, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu. In ka ga gefen fasasshen yana da zare-zare kuma launinsa toka-toka kamar siminti, dakata, a kai gwaji. Na uku, in ka tarar an zuba wasu ƙananan tsakuwoyi marasa nauyi masu ƙyalli a kan silin, wannan bamikulayit ne. Mafi yawansa daga mahaƙar Libby ta jihar Montana ya fito, wadda aka rufe a 1990, kuma yana iya ɗauke da asbesto. Kada ka share shi, kada ka tona shi. Aikin ƙwararru ne.

3. Saurari dutsen

Riƙe falle ɗaya da yatsu biyu ka ƙwanƙwasa shi da gindin guduma. Mai lafiya yana ƙara tar kamar farantin tangaran. Wanda ya mutu yana amsawa dum, kamar ka bugi kwali, kuma za ka ga bayansa yana ɓarewa yana zubar da gari. Gwada guda goma ko fiye daga ɓangarori daban-daban.

In dutsen yana ƙara amma fallaye suna zamowa ko'ina, ƙusoshin ne tsatsa ta cinye. Irin wannan rufi ana iya sauke shi a hankali a sake jera dutsen nan dai da sababbin ƙusoshi. In kuwa kashi 20 cikin 100 ko fiye sun fashe ko sun ruɓe, gyaran ɗaiɗai ya zama asarar kuɗi, lokacin sabon rufi ya yi. Bayanin da ke tafe na wanda matsalarsa ba ta kai nan ba ne.

4. Hawa

A nan nake so ka fi natsuwa. Lokacin aikin daga ƙarshen Afrilu ne zuwa Oktoba. Kamar yadda ake yaɓe soro a gida kafin damina ta faɗi, haka ake gama wannan kafin sanyi ya shigo. Silet mai raɓa ko farin sanyin asuba ya fi sabulu santsi, don haka jira rana ta busar da shi.

Kafa tsani ta yadda duk ƙafa 4 na tsawo gindinsa zai ja baya ƙafa 1, kansa kuma ya zarce bakin rufi da ƙafa 3. Ɗaure shi. Dokar kare ma'aikatan gini a Amurka ta wajabta kariya daga faɗuwa tun daga tsawon ƙafa 6, bakin rufin waɗannan gidaje kuwa yakan kai ƙafa 20 ko fiye. Sa ɗamararka, kuma a sami mutum a ƙasa.

Ba a taka silet. Tura tsani mai ƙugiya sama a kan bayansa, ka juya shi ƙugiyar ta kama doron rufi, ka yi aiki daga kansa don nauyinka ya rarrabu. Na taɓa zuwa wani gida bayan mai saka faifan tauraron ɗan'adam ya yi yawo a kai da takalminsa. Tun daga bakin rufi har doro ana ganin sawunsa, fallaye goma sha wani abu a tsage, wasu tsagar siririya ce kamar gashi, ba ta buɗe ba sai da ruwa ya shiga ya daskare a watan Janairu. Garin neman gira aka rasa ido. In rufinka ya yi tsayi ko gangararsa ta yi tsanani har gabanka na faɗuwa, tsaya a matakai uku na farko, ka nemi mai aikin silet na gaske. Abin da ka sani yanzu ya isa ka gane ko ya iya.

5. Zare fasasshen falle

Kowane falle ƙusa biyu ke riƙe da shi, kuma layin da ke samansa ya rufe su. Zura ripa a ƙarƙashin fasasshen, ka lalubo ƙusa ta gefe har ka ji ƙugiyar ta kama. Sai ka bugi kafaɗar mariƙin ripa da guduma zuwa ƙasa, ƙusar za ta fito ko ta yanke. Yi wa ta biyu haka. Kada ka ɗaga ripa sama kamar mai ɓanɓaro ƙusa, fallayen da ke sama ne za su karye. Idan ƙusoshin sun fita, dutsen zai zamo da kansa. Tare shi da hannu kada ya faɗa kan wani. Sake zura ripa ka share duk gutsuren da ya rage, domin ɗan guntun ƙusa ɗaya yana hana sabon falle shiga.

6. Awo, yanka da huda

Lissafin da kake buƙata ɗaya ne. Kowane falle yana rufe saman fallen da ke layi na biyu a ƙasa da shi, da inci 3 a rufi mai gangara sosai, inci 4 a mai kwanciya. Wannan rufin kai shi ke hana ruwa shiga. Saboda haka falle mai tsawon inci 20, ka cire 3 ka raba biyu, inci 8 da rabi ne kawai ke fili. Ma'ana, in ka auna abin da ke fili ka ninka biyu ka ƙara 3, ka sami tsawon da za ka saya. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne sa guntun falle saboda daga waje ba a ganewa. Ruwa yana ganewa.

Yanka daga bayan dutsen, wato fuskarsa na kallon ƙasa, don gefen ya ɓare ta fuska ya yi kama da sauran. Huda ma daga baya ake yi. Tsinin guduma zai ɓantare ɗan rami a fuska, kan ƙusa ya zauna ciki ba tare da ya tokare fallen sama ba.

7. Kafa sabon

Hanya biyu ce, duka suna da kyau.

Ta ƙugiya: a gurbin da ka buɗe za ka ga tsagar da ke tsakanin fallaye biyu na ƙasa. Buga ƙugiyar a cikin wannan tsaga har ta shiga katako, lanƙwasarta ta tsaya daidai layin gindin sauran fallayen sahun. Tura sabon falle sama ya wuce ƙugiyar, sannan ka jawo shi ƙasa ya zauna a cikinta. Ita na fi so ga mai koyo, don babu huda.

Ta ƙusa da marufi: tura fallen ya daidaita da sahu. Ta tsagar da ke tsakanin fallaye biyu na samansa, can sama iyakar inda ka iya kaiwa, huda rami ka buga ƙusa ɗaya. Yanko jan ƙarfe mai faɗin inci 4 da tsawon inci 8, ka ɗan lanƙwasa shi kaɗan don ya cije, ka zura shi ƙarƙashin fallayen nan biyu har ya rufe kan ƙusar, samansa ya shige ƙarƙashin layi na gaba.

Wanda ya saba da kwano a gida hannunsa ya saba da buga ƙusa har ta danne. A nan akasin haka ne. Silet rataye shi ake yi a jikin ƙusa kamar riga a maratayi. In ka matse, ranar da katako ya motsa saboda sanyi dutsen zai tsage. In ka bar kan ƙusa a tsaye, zai huda fallen da ke kansa. Tsaya da zarar kan ƙusar ya yi daidai da fuskar dutse.

Kada ka yi amfani da siririn ƙarfen da ake lanƙwasowa ya riƙe gindin falle. A ƙasar da ba a dusar ƙanƙara yana iya daɗewa, amma a nan dusar da ke zamowa za ta miƙar da shi, fallen ya biyo ta. Kada kuma ka buga ƙusa a fuskar dutse a fili ka shafe ta da kwalta. Kwaltar tana bushewa ta tsage cikin 'yan shekaru, tana riƙe danshi, tana manne fallaye masu lafiya da juna ta yadda mai gyara na gaba sai ya fasa biyar kafin ya ciro ɗaya. Duk lokacin da na ga rufi mai shekara ɗari an yi masa baƙin tabo haka raina yana ɓaci, domin minti goma da ƙugiya ɗaya sun isa.

8. Kwari da gindin bututun hayaƙi

Mafi yawan yoyon da na bi sawunsa a nan ya ƙare. Kwari shi ne inda ɓangarori biyu na rufi suka haɗu ruwa ke taruwa yana gangarowa. Ƙarfen da aka shimfiɗa a ciki ba ya kai shekarun dutse. Shafa hannu a tsakiyarsa; in ka ga ƙananan ramuka kamar na allura ko ya yi laushi kamar takarda, ya gama aiki.

Cire fallayen gefe biyu daga sama zuwa ƙasa, kana rubuta wa kowanne lamba da alli, domin an yanka su ne daidai wurinsu. Ɗauke tsohon ƙarfen, duba katako, shimfiɗa sabon jan ƙarfe daga ƙasa zuwa sama, kowane yanki bai wuce ƙafa 8 zuwa 10 ba, na sama ya hau kan na ƙasa da inci 6. Ƙusa a can gefe kawai, ban da tsakiya. Sannan ka mayar da fallayen bisa lambobinsu.

A jikin bututun hayaƙi ƙarfe hawa biyu ne. Na ciki ƙananan yankuna ne masu lanƙwasa, ɗaya ga kowane layin dutse, suna hawa kamar matakala. Na waje ana cusa bakinsa cikin layin kwaɓin da ke tsakanin bulo, ya sauko ya rufe na ciki. Biyun ba a manne su, don gida da bututu kowa motsinsa daban. In faɗin bututun ya wuce inci 30, bayansa yana buƙatar ɗan tudu mai raba ruwa gida biyu. Wurin cike layin bulo, tsohon bulo kwaɓin farar ƙasa da yashi yake so. Siminti zalla ya fi shi ƙarfi, zai sa fuskarsa ta ɓare.

Kada ka haɗa jan ƙarfe da alminiyam ko ƙarfe mai rufin tutiya. Idan ruwa ya ratsa tsakaninsu jan ƙarfen yana cinye ɗayan. Ƙusar jan ƙarfe ga fallen jan ƙarfe, ko a indararo ma haka.

9. Shingen ƙanƙara

Wanda ya yi hunturun 2014 zuwa 2015 a Boston, lokacin da dusar ƙanƙara ta haura inci 110, ya san wannan. Gidaje da yawa masu rufi lafiyayye sun yi ta zubar da ruwa ta saman tagogi. Abin da ke faruwa shi ne ɗumin ɗakuna yana hawa cikin silin ya ɗumama rufi, dusar da ke kai ta narke daga ƙasa, ruwan ya gangaro zuwa bakin rufi da ya zarce bango, inda babu ɗumi, ya daskare. A hankali ya gina shinge, ruwan baya ya taru ya koma sama ta ƙarƙashin fallaye. Silet an yi shi ne don ruwa mai gangarowa, ba mai tsayuwa ba.

Maganin yana cikin gida. Shiga cikin silin ka toshe duk inda iska mai ɗumi ke fitowa: murfin ƙofar hawa, kewayen bututan ruwa da wayoyi, saman bangayen ciki, kewayen fitilun da aka nutsar a silin. Kusa da bututun hayaƙi da fallen ƙarfe da abin liƙi mai jure wuta ake toshewa, ba kumfar da ake fesawa a toshe rami ba. Tabbatar fankar banɗaki waje take hurawa. Na sha tarar da bakinta a cikin silin, raftoci sun yi fari da daskararren tururi. Bayan an toshe sannan a ƙara shimfiɗar riƙe ɗumi, a bar hanyar iska daga bakin rufi zuwa sama. Amma in ka ga tsofaffin wayoyin lantarki ɗaiɗai suna bi ta kan ƙananan tangaran farare, kada a rufe su da komai sai mai lantarki ya cire su, don suna iya yin zafi su tada gobara. A jihar Massachusetts shirin Mass Save yana turo mai duba asarar ɗumin gida ba tare da ka biya ba, yana da kyau ka fara da su.

Idan har an sauke fallayen bakin rufi don wani gyara, a yi amfani da damar a shimfiɗa leda mai mannewa da ke hana ruwa ratsawa a ƙarƙashinsu, ta shiga aƙalla inci 24 daga layin bangon waje zuwa ciki. A saman ƙofar shiga da hanyar mota kuma a sa ƙananan ƙarafan tare dusa, domin silet yana da santsi, tarin dusa yakan sulɓo gaba ɗaya.

In shingen ya riga ya kafu ruwa yana ɗiga a ɗaki tsakiyar Fabrairu, kada ka hau. Daga ƙasa, da dogon majanyin dusa mai bakin roba, jawo dusar ƙafa 3 zuwa 4 na bakin rufi a hankali. Cika tsohuwar doguwar safa da kalsiyam kulorayid, wato sinadarin narkar da ƙanƙara, ka ɗora ta a gicciye kan shingen, za ta narkar da hanya ruwan ya fita. Ban da gishirin titi, yana cin ƙarfe yana kashe shuke-shuke. Ban da gatari ko guduma. In ya fi ƙarfinka kira masu narkarwa da tururi. A ciki, sa bokiti, huda ɗan rami a inda silin ya kumbura don ruwan ya sauka wuri ɗaya, ka ɗauki hoto saboda inshora, ka yi wa wurin alama da alli a jikin rafta don ka san inda za ka fara idan Afrilu ta zo.